Fitilun gaban Golf 4 suna ɗaukewa da daddare: makunni ne ko wani abu daban?

Baban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wayarin mota. Ina da Golf 4 ƙirar 2001, shekara shida ke nan tana hannuna, ba ta taɓa ba ni matsalar wuta ba sai a watan nan. In na murɗa makunnin fitila zuwa mataki na farko, ƙananan fitilu da jajayen baya da hasken dashbod duk suna kamawa. In na kai shi mataki na biyu kuwa, wani lokaci manyan fitilu su kama, wani lokaci shiru, sai na ɗan jijjiga shi.

Daren Juma'a muna dawowa daga Zariya da iyalina, mun ɗan wuce Kwanar Dangora, fitilun biyu suka ɗauke lokaci guda ina kan gudu, ga tirela tana tahowa. Hannun sigina na ja na riƙe, ful ta kama, da ita na samu na gangara gefen titi. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Washegari bakanikena ya canja ƙwan fitila biyu da fiyus, kwana biyu abin ya dawo. Yanzu ya ce in sayo sabon makunni. Ba kuɗin ne damuwata ba, ina so in tabbatar da inda cutar take kafin in sake ɗaukar yara da daddare.

Sarkin_Hanya77:
Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa. Suwic ne Malam, ka canja kawai.

Maman_Ilham:
Allah ya kiyaye gaba. Don Allah kada ka sake fita da ita bayan magariba sai an gyara.

Oga_Riwaya_Kano:
Wa alaikumus salam. Alhaji, bayaninka ya rage mana rabin aiki. Bari mu bi shi a hankali.

Fiyus ba ya wasan kamawa da ɗaukewa. In ya ƙone ya ƙone. Kuma a Golf 4 dim ta hagu da ta dama kowacce da fiyus ɗinta, haka ma ful. Suna cikin akwatin nan da ke gefen dashbod, wanda sai ka buɗe ƙofar direba kake ganin murfinsa. To fiyus ɗaya ba zai kashe maka fitila biyu ba. Haka ƙwan fitila, da wuya biyu su mutu a daƙiƙa guda, balle su farfaɗo don an jijjiga makunni. Abin da ya kashe biyu tare, yana wurin da wutarsu take tafiya a waya ɗaya ne kafin ta rabu.

Wurare uku ne a wannan hanyar. Wutar tana fitowa daga kan makulli, ta shiga makunnin fitila, ta wuce hannun sigina inda ake zaɓen dim ko ful, sannan ta je fiyus. Ful ɗin da ta cece ka kuwa, in ka ja hannun ka riƙe, tana samun wutarta ne kai tsaye daga layin batir, ba ta bi ta makunnin ba. Shi ya sa ta kama.

Tambayata: lokacin da fitilun suka ɗauke, fankar cikin mota da waifa suna aiki?

Baban_Sadiq:
Oga na gode. Waifa ban gwada ba, amma fanka tana kunne a lokacin, kuma ba ta tsaya ba. Na tuna sarai saboda yaran suna barci a baya.

Oga_Riwaya_Kano:
Madalla. Wannan ya ɗan wanke kan makulli. A Volkswagen akwai layin da ake kira X, shi ne yake yanke fitila da fanka da waifa lokacin da kake ba da sitata, don batir ya tattara ƙarfinsa a kan tayar da inji. In wannan wurin ya cinye a cikin kan makulli, yawanci tare suke ɗaukewa. Ban ce ya fita daga zargi gaba ɗaya ba, amma ya koma na uku.

Dan_Funtuwa:
Ni dai ina jan hankali a kan makullin nan. Golf 3 ɗina haka ta yi mini, na canja makunnin fitila har sau biyu, ashe ɗan baƙin robar da ke bayan kan makulli ne. In na ɗan taɓa makullin sai fitila ta dawo. Kuma tarin makullan gida da na shago da nake rataye masa ne suka taimaka wajen kashe shi. Baban Sadiq, ka kunna fitila mota tana tsaye, ka ɗan motsa makullin hagu da dama, ka ga ko za ta yi ƙyafta.

Sarkin_Hanya77:
Mutum ya ce in ya jijjiga suwic fitila tana dawowa. Me kuma ake nema? Kuna tsawaita abu.

Injiniya_Bichi:
@Sarkin_Hanya77 ba tsawaitawa ba ne. In ka jijjiga makunni ai ba shi kaɗai yake motsi ba, har soket ɗin da ke bayansa. Sau da yawa makunnin lafiyarsa ƙalau, bakin soket ne ya buɗe ko ya narke. Ka sa sabo a kan narkakken soket, wata biyu ya sake ƙonewa, ka ce an sayar maka da jabu.

Baban Sadiq, ciro shi ba wuya, ko sukundireba ba ka buƙata. Ka mayar da shi kan 0, ka danna kan makunnin ciki da ƙarfi, ka murɗa shi dama kaɗan yana danne, sai ka jawo. Gaba ɗayansa zai fito a hannunka. Kada ka sa wuƙa ko ƙarfe ka ɓanɓare shi, za ka fasa dashbod a banza. In ya fito ka zare soket ka duba da idonka, ka kuma sansana.

Elhadji_Maradi:
Sallama daga Maraɗi. Mu nan dim muna ce mata kod, ful kuma far, hannun sigina shi ne komodo. A 406 ɗina makunnin fitila a jikin komodon yake, ba a dashbod ba, kuma da ya lalace sai da aka kwance sitiyari. Ku masu Golf kun huta. Abin da zan ƙara shi ne ƙura. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, ta haɗu da man da ke cikin makunni ta zama laka. Wani lokaci wanki kawai yake so.

Baban_Sadiq:
Na ciro shi yanzu kamar yadda Injiniya ya ce, bai ɗauki minti ɗaya ba. Akwai ƙaurin roba. Ɗaya daga cikin ƙafafun makunnin ya yi baƙi, robar da ke kewaye da shi ta koma ruwan ƙasa. A soket ɗin ma ramin da yake shiga ya ɗan narke, wayar ta yi tauri kusan rabin ɗan yatsa. Gwajin Dan_Funtuwa ma na yi kafin in cire, na motsa makulli fitila ba ta yi komai ba.

Oga_Riwaya_Kano:
To ga shi nan. Duba kusa da ƙafar da ta yi baƙi, akwai ƙananan lambobi a jikin robar. Ina kyautata zaton 56 ce ko Xz. Xz ita ce wutar da ke shigowa daga makulli, 56 ita ce mai fita zuwa manyan fitilu. Lambobin nan tsarin Jamusawa ne, iri ɗaya ne a motocinsu: 30 wutar batir kai tsaye, 15 wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, 31 at (wato wayar da ke haɗe da ƙarfen bodin mota), 58 ƙananan fitilu, 56a ful, 56b dim. Duk yaron da na koya wa aiki, su nake fara sa shi ya haddace.

Amma Alhaji tambaya ta gaba ta fi muhimmanci. Wane irin ƙwan fitila ne a motar kafin bakanike ya canja?

Baban_Sadiq:
Bara na sa masu wat 100, saboda hasken ya yi mini kaɗan a hanya. Wanda bakanike ya sa ma irinsu ne.

Oga_Riwaya_Kano:
Nan ne tushen abin. Dim ɗin Golf 4 ƙwan H7 ne mai wat 55. Biyu sun zama wat 110, a kan bolt 12 kusan amfiya 9 ke nan. In ka sa masu 100, ya zama wat 200, wajen amfiya 17. Kusan ninki biyu. Kuma a motar nan babu rile (ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke tayarwa don ya ɗauki babbar wuta) tsakanin makunni da fitila, duk wutar nan ta cikin ɗan siririn tagullan da ke makunnin take bi. Zafi kuma ba ninki biyu yake ƙaruwa ba, in wuta ta ninka sau biyu zafin da ke mahaɗa yana ninkawa kusan sau huɗu. Tagulla ya yi zafi, ya saki, ya daina matsewa, sai ya ƙara zafi. Haka yake ci har ranar da zai yanke.

Abin takaicin shi ne hasken ma ba ka samu duka ba, domin siririyar waya tana cinye wani ɓangare na ƙarfin kafin ya isa ƙwan.

Bala_Direba:
Oga Riwaya ka yi haƙuri, a nan ban yarda da kai ba. Shekara goma sha biyu ina lodin Kano zuwa Jos, yawanci tafiyar dare. Da wat 55 ba za ka ga rami ba sai ka faɗa shi. Ga shanu, ga motar da ta lalace an bar ta a tsakiyar titi da ganye kawai. Dukkanmu a tasha masu 100 muke sawa.

Maman_Ilham:
Malam Bala, mu da muke tahowa ta gabanku fa? Ni ina koyarwa ne, wani lokaci sai bayan isha nake dawowa. Wallahi akwai motocin da in suka haske ni, sai na taka birki na tsaya cak don ban san inda titi yake ba. Musamman fararen nan na zamani. Kai ka ga hanya, ni ka makantar da ni, kuma a titi ɗaya muke.

Bala_Direba:
Hajiya gaskiyarki ce, kuma ni ina sauke ful in na hango mota. Matsalar masu fararen nan ce, su ko dim ɗinsu ma ido take shiga.

Injiniya_Bichi:
Dalilin shi ne madubin da ke cikin fitilar an ƙera shi ne daidai da inda zaren ƙwan yake. In ka cusa LED wanda haskensa yake fitowa daga wani wuri daban, sai hasken ya watse sama da gefe maimakon ya kwanta a titi. Ta fuskar wuta kam LED ba ya jan da yawa, makunni zai huta. Ta fuskar mai tahowa kuma zalunci ne, sai dai in an dace da mai kyau an kuma saita shi a jikin bango.

Malam Bala, kafin mutum ya ƙara wat ya fara auna bolt nawa ke isa bakin ƙwan inji yana aiki. Batir yana nuna 14 ko kusa da haka, amma a tsohuwar mota za ka iya tarar da 12 ko ƙasa a bakin fitila. Wannan ratar ita ce hasken da ya ɓace. Gyaran at da wanke gilashi da saiti sun fi ƙarin wat amfani.

Yaro_Mai_Koyo:
Iyayen gida ku yi mini afuwa, ina koyon aiki ne. Ba za a iya buɗe makunnin a goge tagullan da samfefa ba? Na ga maigidana ya yi wa wata Passat haka ta tashi.

Oga_Riwaya_Kano:
Yaro tambayarka tana da kyau. Ana yi, ni ma na yi wa mutumin da dare ya yi masa a hanya. In datti ne kawai irin wanda Elhadji na Maraɗi ya faɗa, a fesa maganin wanke mahaɗar wuta, a bari ya bushe, shi ke nan. Amma wanda ya riga ya ƙone, samfefa tana kankare rufin da ke kan tagullan, kuma ƙarfen da ya sha zafi ba ya dawo da matsinsa. Zai yi sati uku ko wata, ya sake yankewa, kuma ba zai gaya maka ranar ba. A kan fanka zan yarda da wannan gyaran, a kan fitilar gaba ba zan yarda ba. Kuma kada ka taɓa wanke shi da fetur.

Sarkin_Hanya77:
Ai dai maganata ce ta fito, suwic ne. In kuɗi ya yi wuya ma a ja waya daga batir a sa ɗan makunnin taɓa-ka-kunna a ƙarƙashin sitiyari. Motoci nawa ne ke yawo haka.

Dan_Funtuwa:
A'a Malam, wannan shawarar kada kowa ya ɗauka. Maƙwabcina haka aka yi masa, waya daga batir ba fiyus, aka bi da ita ta ramin bodi ba roba. Ƙarfe ya yi ta cin rigar wayar har ta taɓa bodi. A ƙofar gida motar tana ajiye hayaƙi ya tashi, kafin a kwance kan batir duk wayoyin ƙarƙashin dashbod sun narke. Da a gareji take cikin gida da abin ya fi haka.

Sarkin_Hanya77:
To a sa fiyus mana. Ni ban ce kada a sa ba.

Baban_Sadiq:
Na duba, 56 ce ta ƙone kamar yadda Oga ya ce. Gobe in sha Allahu zan shiga Ƙofar Ruwa. Sabo zan saya ko Beljiyam? Kuma yaya zan gane wanda ya dace?

Alhaji_Sifeya:
Sana'ata ce, bari in sa baki. Ka tafi da tsohon a aljihunka. Lambarsa tana jiki, tana farawa da 1C0 941 531, sai harafi a ƙarshe. Harafin nan kada ka raina shi, domin akwai na mota mai fitilar hazo a gaba, wanda ake jan kansa sau biyu, akwai na wadda ba ta da ita. Irinsa ne a Bora da Passat na wannan zamanin, don haka ba zai yi wuyar samu ba.

Ni a ganina Beljiyam na asali mai tsabta ya fi sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba. Ka duba ƙafafunsa su kasance da sheƙi, ba baƙi ba kore, ka murɗa ka ji yana faɗawa kowane mataki da ƙarfi. Mafi muhimmanci, ka ce a yanko maka shi da soket ɗinsa da jelar waya kamar taƙi guda. Masu yanka mota suna da shi.

Injiniya_Bichi:
Ni kuma sabo na fi so in an samu na kamfani sananne. Beljiyam ɗin nan shi ma ya haura shekara ashirin yana aiki, ba ka san saura nawa ba. Amma a kan jelar waya na goyi bayan Alhaji ɗari bisa ɗari.

Alhaji_Sifeya:
Injiniya, wanda ya yi shekara ashirin a ƙasar sanyi da ƙwan wat 55 bai sha wahalar da namu yake sha a shekara biyu ba.

Oga_Riwaya_Kano:
Kowanne ka samu, ga yadda nake so a yi aikin. A fara cire kan batir na at, domin akwai wayar 30 a soket ɗin, tana da wuta ko an zare makulli. In rediyonka na asali ne ka tabbata kana da lambar sirrinsa, in ba haka ba zai kulle. Ba dole ne a canja duk wayoyin ba. In ramin soket bai lalace sosai ba, a zaro bakin da ya ƙone a sa na jelar. In ya narke a canja soket ɗin, waya ɗaya bayan ɗaya, ana yanke ɗaya ana haɗa ta kafin a taɓa ta gaba, don kada launi ya rikita mutum. A yanke tsohuwar wayar har inda tagullanta yake ja mai sheƙi. A yi dalma ko a matse da maɗauri mai kyau, a rufe da robar da ake ƙonawa ta kama. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif shi ne zai dawo da kai inda ka fito.

Wajen mayarwa, ka danna kan makunnin ka murɗa dama yadda 'yan kunnuwan za su shige, ka tura shi ramin, ka mayar kan 0, za ka ji ya kama.

Bayan an gama a kunna fitila, a sa mita tsakanin Xz da 56 ta bayan soket. Ya kamata ka ga ɗan abu kaɗan, wanda bai kai rabin bolt ba. In ka ga bolt guda, a kan amfiya 9 wat 9 ne na zafi a cikin roba, akwai sauran aiki.

Maman_Ilham:
Oga Allah ya saka da alheri. Ni Corolla ce da ni, ta 2005, ita ma haka wutar take bi?

Oga_Riwaya_Kano:
A'a Hajiya. Taki makunnin yana jikin hannun sigina, kuma akwai rile na fitila a akwatin fiyus. In taki ta yi haka, rile za a fara dubawa kafin a taɓa hannun.

Baban_Sadiq:
Alhamdu lillahi, an yi aikin jiya. Beljiyam na samu da jelarsa. Mai riwaya ya canja soket ɗin gaba ɗaya, na tsaya a kansa har ya gama, na kuma mayar da ƙwan wat 55. Mita ta nuna 0.2. Na bar fitila a kunne minti ashirin, na taɓa bayan makunnin, ɗumi kaɗan ne kawai. Sai dai gaskiya hasken bai kai yadda nake so ba, mun auna bakin ƙwan mun samu 12.3 alhali batir yana 14.1.

Bala_Direba:
Ka ji abin da nake faɗa. Nan da wata guda za ka nemi masu 100.

Injiniya_Bichi:
Ba sai ya nema ba. Kusan bolt 2 ne suke ɓacewa a hanya, su za a dawo da su. A sa rile biyu kusa da batir, ɗaya na dim ɗaya na ful, da waya mai kauri da fiyus dab da kan batir. Tsohuwar wayar fitila ta koma aikin tayar da rile kawai a ƙafa ta 86, 85 ta tafi at, 30 daga batir, 87 zuwa ƙwan. Makunni zai riƙa ɗaukar abin da bai kai rabin amfiya ba, ƙwan kuma ya samu cikakkiyar wuta.

Oga_Riwaya_Kano:
Rile yana da kyau in hannun kirki ne ya sa. Abin da nake tsoro shi ne dim biyu a kan rile ɗaya da fiyus ɗaya. Ranar da ya mutu ka koma daren Kwanar Dangora. In za a yi, kowane gefe a ba shi nasa. Amma Alhaji kafin nan ka sa a kwance wayar at ta fitilun a kankare tsatsa, a duba soket ɗin bayan fitila, a kuma auna kafin hannun sigina da bayansa. Wat 100 ɗin nan ta cikinsa shi ma ya bi shekara guda.

Dan_Funtuwa:
Kuma a auna kan makullin ma. Ta nan wutar ta fara fitowa.

Baban_Sadiq:
To, Asabar zan koma a auna su ɗaya bayan ɗaya, zan kawo muku lambobin. Oga, in an tarar hannun sigina ne yake cinye wutar, dole sai an cire sitiyari da jakar iska kafin a kai gare shi?